Wai fure yana da hali ne, ko mu ne muke rataya masa?

Ranar nan wata Hajiya ta kawo min ɗinkin biki shago, ita da 'yarta amarya, leshi kala huɗu a leda, muka baje su kan teburin yanka ana zaɓen na kamu da na yinin biki. Yarinyar ta ɗora hannu kan wani mai manya-manyan furanni ja da ruwan goro, kowane fure ya kusa faɗin faifai, uwar ko kallo na biyu bata yi masa ba tace "a'a 'yar nan, wannan ai na masu rawar kai ne, so kike dangin miji su ganki a ciki suce an kawo musu mara kunya?" Ta jawo wani fari mai ƙananan furanni kamar an watsa gero tace ga na 'yar mutunci nan. Yarinyar tace "Umma leshi ne fa kawai," uwar tace ita ma ta san leshi ne. Ni dai tef na wuyana ban sa musu baki ba, amma maganar ta tsaya min a rai har dare, dan gaskiya duk su biyun babu wadda tayi ƙarya. Zare ne da inji, amma da zarar an sa shi a jiki an shiga taro ya fara magana, kuma mutane suna jin abinda yake cewa.

Abinda nake ta juyawa shine, wa ya koya wa furen wannan maganar? Za kaji ana cewa mai son jan wardi mai zafin so ce, mai son farin fure mai kunya ce, mai son furen da ke bin rana mai fara'a ce, kamar dai haka Allah ya halicce su da takardar shaida a wuya. Ni a nawa ganin furen bashi da wani hali, mutum ne yake ara masa nasa, wani ya lazimci sa shi har aka daina ganin furen sai shi, daga nan fim ya ɗauka ya maimaita ya maimaita har muka ɗauka gado ne. Amma kuma ba kowane hali ne yake zama a kan kowane fure ba, sai jikin furen ya yarda, ƙamshinsa ko rashin ƙamshinsa, ƙayarsa, saurin yaushinsa, da tsadarsa a kasuwa.

Mu je Paris tukuna, dan a can aka fi fito da abin fili. Coco Chanel, shahararriyar mai ɗinkin kayan mata, furenta kameliya ce, fara, zagayayya, ganyayyakinta a jere tsaf kamar an auna da tef, bata da ƙaya kuma kusan bata da ƙamshi ko kaɗan, sannan a lokacin sanyi take fitowa sanda sauran furanni suka kwanta. Matar da ta tashi a gidan marayu, ta zo ta cire wa matan Turai ɗaurin kugun nan mai hana numfashi, ta sa musu baƙar riga mara tarkace wadda mujallar Vogue ta yayata a 1926, toh wane fure zai dace da ita in ba wanda baya ihu ba? Kuma a matsayina na mai sana'a ina ganin hikimar kasuwa a ciki, mace mai sayar da turare tun 1921 ba zata liƙa wa kwastomarta furen da ƙamshinsa zai yi kokawa da turaren ba. Har yau akwai wani gidan sana'a a Paris, Lemarié, da aka kafa tun 1880, su ke haɗa wa kamfanin Chanel kameliyar nan da hannu, ta siliki, ta fata, ta yadin ulu, ganye ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure min kai shine kafin Chanel kameliya ba sunan kirki gareta ba a Faransa. A 1848 Alexandre Dumas ƙarami ya fitar da labarin wata mace mai zaman kanta a Paris wadda kullum tana riƙe da kameliya, fara a yawancin kwanakin wata, ja a kwana biyar, labarin ya zama wasan kwaikwayo, ya zama waƙar opera, a 1936 kuma Greta Garbo ta fito a fim ɗinsa. Kenan fure ɗaya ne, ya tashi daga hannun matar da gari ke zunɗe ya koma ƙirjin matan shugabanni da attajirai cikin ƙasa da shekara ɗari, shi bai canza kala ba bai canza siffa ba, mai riƙe shi ce ta canza.

Christian Dior kuma, shima shahararren mai ɗinkin kayan mata a Paris, sai ya bi ta ɗaya hanyar. Shi a gidan lambu ya tashi a Granville bakin teku, mahaifiyarsa mai son shuke-shuke ce, kuma ranar 12 ga Fabrairun 1947 da ya fitar da ɗinkinsa na farko sunan da ya ba ɗaya daga cikin salon shine Corolle, wato zagayen ganyen fure. Kafaɗa a sake, kugu a tsuke, siket ya buɗe kamar an kifa fure, wani siket ɗin yana cin yadi kusan ashirin. Ku tuna fa ba a fi shekara biyu da gama yaƙin duniya na biyu ba, a Ingila har lokacin da kati ake sayen tufafi, shi yasa ba kowa ya yi murna ba, akwai matan da suka fito zanga-zanga a Amurka suna cewa almubazzaranci ne kuma ana so a mayar dasu baya. Ni ina fahimtarsu sosai, dan duk wadda ta taɓa yanka yadi ta san siket mai yadi ashirin ba na mai shiga motar haya bane, ba na mai tsayuwa a masana'anta bane, na wadda za a zaunar a kalla ne. In aka ce mace fure ce, yabo ne a baki, amma fure ai baya tashi daga inda aka dasa shi.

Furen da Dior ya fi so shine wanda Faransawa ke kira muge, ƙananan fararen ƙararrawa a jere a kan siririn kara, wanda suke ba juna ranar 1 ga Mayu. Mutum ne mai camfi, har ana ɗinka reshen furen a cikin kalmasar rigunan da za a nuna wai dan sa'a. Kowa yana kallon muge a matsayin furen tsarki da sanyin hali, amare ke riƙe shi, alhali tun daga saiwa har ganye dafi ne, kuma ba a iya tatsar turare daga jikinsa yadda ake yi da wardi, turaren Diorissimo na 1956 sai da masani Edmond Roudnitska ya harhaɗa sinadarai ya kwaikwayo ƙamshin.

Sannan ga ƙanwar Dior, Catherine, wadda ita ce take sa ni yin shiru duk sanda wani yace fure na masu rauni ne. Tana cikin masu yi wa mamayar Jamus turjiya a ɓoye, 'yan Gestapo, wato 'yan sandan sirrin Jamus, suka kamata a Yulin 1944, suka azabtar da ita bata tona kowa ba, aka kaita sansanin gwale-gwale na Ravensbrück, ta dawo a 1945 a rame kamar ba ita ba. Sana'ar da ta kama bayan nan ita ce sayar da furanni a kasuwar Les Halles, tana tashi tun kafin asuba, daga baya ta koma noman wardi a kudancin Faransa har ta rasu a 2008. In ana maganar turaren Miss Dior da aka sa wa sunanta 'yan mata masu murmushi ake nunawa a talla, amma matar da ke bayan sunan ga irin abinda ta gani.

A Amurka ma akwai Billie Holiday mawaƙiya da farar gadeniya a gefen kai. Labarin da ake bayarwa shine ƙarfen gyaran gashi ne ya ƙona mata gashi dab da zata hau dandamali aka samo furen aka rufe wurin, daga nan ya zame mata tambari. Gadeniya ƙamshinta mai nauyi ne yana cika ɗaki, amma yatsa kawai zaka sa mata wurin ya koma ruwan ƙasa, kuma matar ta rasu a 1959 tana da shekara 44 bayan wahalhalu masu yawa, toh sai mutane suka haɗa biyun, yau in jaruma ta fito a fim da gadeniya a gashi an riga an san baƙin ciki na tafe.

Masu fim kuwa sun gano wani abu da telolin Paris basu cika damuwa dashi ba, wato fure yafi ƙarfi in ya saɓa da mai riƙe dashi. Duk wanda ya kalli The Godfather na 1972 zai tuna fitowar farko, ɗaki duhu, a waje ana bikin 'yarsa, Marlon Brando na zaune cikin baƙar kwat da kyanwa a cinya, ɗan jan wardi ɗaya a ƙirji, kusan shine kaɗai abu mai kala a jikinsa. Wani ya zo roƙon a ɗaukar masa fansa, bayan an gama magana ya ba yaronsa umarnin a tura mutane, sai ya ɗan sunkuyar da kai ya shinshina furen. Wallahi wannan shinshinawar tafi a nuna bindiga goma ban tsoro, dan ta nuna maka mutumin da bayar da umarnin a illata wani baya hana shi jin ƙamshi. A finafinan The Hunger Games da suka fara fita a 2012 bos ɗin, shugaba Snow, farin wardi yake sawa, kuma a labarin dan ya ɓoye ƙarnin jinin da ke bakinsa ne. Farin da Hajiyar shagona ta kira na 'yar mutunci, shine a can ya zama abinda in jarumar ta gani jikinta ke rawa.

Akwai kuma inda furen ke nuna talauci ba gayu ba, dan kafin ya kai ƙirjin mai kuɗi wata ce ta tsaya a bakin titi tana tallansa. A City Lights na Charlie Chaplin, 1931, makauniya ce mai sayar da fure take zaton mutumin da ke taimakonta attajiri ne alhali ko wurin kwana bashi da shi, a ƙarshe idonta ya buɗe tana da shagonta, ta ganshi cikin tsumma bata sanshi ba, ta miƙa masa fure da ɗan kwabo, sai da hannunta ya taɓa nasa sannan ta gane. Fim ne da ba a jin maganar kowa a ciki amma har yau in na kalla sai na share ido.

Mu dai a nan ba ta Paris ko Amurka abin ya fi shigo mana ba, ta Indiya ne. Tun zamanin da Labanawa masu gidajen silima suka fara kawo finafinan Indiya Kano a shekarun 1950, iyayenmu suka haddace Mother India na 1957, wadda jarumarsa ma sunan fure take amsawa, Nargis, irin wanda Larabawa ke cewa narjis. Ina tuna muna yara a falon maƙwabta an sa kaset, jarumi da jaruma suna waƙa a lambu, fuskokinsu na matsowa kusa, sai kyamara ta kauce ta nuna furanni biyu iska na kaɗa su suna taɓa juna, manyan mata su kama salati suna dariya mu kuma bamu gane komai ba. Shekaru masu yawa masu fim a can suna gudun almakashin hukumar tace finafinai da kuma idon iyali masu kallo tare, toh sai suka ɗora wa fure abinda baza su nuna ba. Ina ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa finafinan suka zauna mana daram, dan kunya ce irin tamu, a faɗi magana ba tare da an faɗe ta ba.

A 1981 darakta Yash Chopra ya kwashi Amitabh Bachchan da Rekha ya kaisu lambun Keukenhof a Holan dan waƙa ɗaya a fim ɗin Silsila, layi-layin furen tulif ja da rawaya har iya ganinka. Lambun nan wajen sati takwas kawai yake buɗewa a shekara, kuma soyayyar da ke cikin labarin ma ba mai ɗorewa bace, ko da gangan suka yi ko dace ne abin ya zauna. Amma a Indiya furen da yafi nuna halin mace a fim shine yasmin da ake kitsawa a zare a naɗa a gashi, kuma shima fuska biyu gareshi, a kan matar aure kamun kai ne da ladabi, in kuma aka ganshi naɗe a wuyan hannun namiji yana shinshinawa a gidan rawa an san inda ya kwana.

In kana so ka tabbatar ma'anar ba a jikin furen take ba, dubi ɗan furen nan ruwan lemo da Indiyawa ke kira genda, wanda suke yin sarƙa dashi su rataya a ƙofa da wuyan ango. Asalinsa daga Meziko yake, kuma a can furen matattu ne, ranakun 1 da 2 ga Nuwamba suke shimfiɗa shi a maƙabarta da gidaje, yaran da suka kalli katun ɗin Coco na 2017 sun ga gadar da aka yi dashi. Haka furen kirisantimom, a Japan shine hatimin gidan sarauta, a Faransa kuwa in ka kai wa mara lafiya shi ka yi ɓaranɓarama dan na kai wa kaburbura ne. Su kansu Turawan da suka yi ta buga littattafan ma'anar furanni a ƙarni na 19, tun daga wanda ya fito a Paris a 1819, basu taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba, wannan yace kaza wancan yace kaza. Asalin yayin ma daga wasiƙun matar jakadan Ingila a Santambul, Lady Mary Wortley Montagu, aka ɗauko shi, wadda ta ba da labarin yadda ake aika saƙo da kaya a can wajen 1718, alhali abin Turkawan wasan kalmomi ne na amsa-amo, ana nemo kalmar da ta yi kari da sunan abin da aka aiko, ba wai kowane fure da fassararsa ba.

Wani masani ɗan Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, ya rubuta littafi a 1993 yana mamakin yadda a yawancin Afirka kudu da Sahara ba a noma fure dan ado, ba a kai wa mutum shi kyauta. Da na fara jin maganar raina ya ɗan sosu amma da na zauna na ga akwai gaskiya a ciki, kakata bata taɓa dasa abinda ba a ci ko a sha magani ba, a bayan ɗakinta zogale ne da lalle da yakuwa. Sai dai abinda ya kuskure shine mu furenmu ba a tukunya yake ba. Yana jikin atamfa 'yar Holan, yana jikin leshin da ake saƙowa daga Ostiriya da Suwizalan, yana jikin kwanukan jere na ɗakin amarya, yana hannun mai zanen lalle, yana cikin sunayen Zahra'u da Yasmin da Warda, yana cikin kwalbar turaren wardi na Ɗa'ifa da alhazai ke dawowa dashi, wardin da ake tsinka da sassafe kuma ana haɗa ruwansa da zamzam wajen wankin Ka'aba. Mai karatun allo ma ya wuce ta kansa, a Suratu Ɗaha an kira ƙawar duniya da furen rayuwar duniya, abu mai kyau da baya jimawa.

Shi yasa abin ke min ciwo in na ga a finafinanmu na Hausa saurayi ya durƙusa ya miƙa wa budurwa jan wardin roba da ledarsa, ko an kwashi jarumai an kai lambun otal ana zagaye shukar da ko sunanta babu wanda ya sani a cikinsu. Mun aro hoton bamu aro dalilin ba. Ba'indiyen da ya nuna genda ya san kakarsa ta rataya shi, Dior ya san muge tun yana yaro a lambun uwarsa, mu kuwa namu suna nan a daji da bakin gari babu wanda ya juya musu kyamara. Ga gurjiya da ke zubar da ganye kaf a lokacin hunturu sannan ta fito da jan fure a kan itace tsirara, ga furen ɗorawa jan ƙwallon nan mai reto kamar tuntun hula, ga bado fari tas a kan ruwan kududdufi, ga tumfafiya da ke fure a inda komai ya ƙi fitowa kuma akuya ma bata cika kula ta ba, ga furen lalle da in iskar yamma ta bugo shi duk gidan sai ya ɗauka. Kowanne a cikinsu Bahaushe ya riga ya sanshi da wani abu, ba sai an fassara masa ba.

Akwai fitowa ɗaya da na daɗe ina gani a raina. Saurayi ɗan birni ya biyo budurwarsa ƙauye ƙarshen damina, a hanya ya hango wani fure ruwan hoda mai ɗaukar ido ya cika gonar dawa, ya tsaya ya tsinko dami guda da zuciya ɗaya ya kawo mata har zaure. Mahaifinta na zaune kan buzu ya ɗaga kai ya ga ƙuduji ne, ciyawar da ke kama saiwar dawa ta tsotse ta tun tana ƙarƙashin ƙasa, wadda ta cinye masa rabin amfanin bana. Yaron na murmushi, yarinyar ta rasa ko ta karɓa ko ta bari, tsohon kuma bai ce komai ba, ya dai kalli furen ya kalli yaron ya mayar da kansa kan carbinsa.